Me Ya Sa Haƙorin da Aka Cike Saiwarsa Yake Sake Kumbura?

Kuka ne da likitocin haƙori suka saba ji: an cire jijiya, an cike saiwa, ciwo ya lafa, bayan shekara ɗaya ko biyu sai ga ƙurji a dasashi yana fitar da mugunya. Mai haƙori yakan ɗora laifin kan abin da aka yi cikon da shi. Yana da ɗan gaskiya.

Tun a 1965 Kakehashi da abokan aikinsa suka nuna cewa ɓerayen da aka raina babu ƙwayar cuta a jikinsu, ko an huda musu haƙori har jijiya, jijiyar ba ta ruɓewa. Ke nan bakteriya ce tushen matsalar. Saiwar haƙori kuwa tana da rassa da lunguna, bangonta cike da ramuka ƙanana da ido ba ya gani. A nan wata ƙwaya mai suna Enterococcus faecalis take laɓewa. Tana jure yunwar watanni, tana kuma jure kalsiyam haidroksaid da ake sakawa a saiwa kafin a dawo zama na gaba, shi ya sa ake yawan samunta a haƙoran da aikinsu ya ɓaci.

Abin cikon da ya fi yaɗuwa, gutta-percha, ƙaro ne na wani icce da ke Malesiya da Indunisiya. Jiki ba ya ƙinsa, amma kusan ba ya kashe ƙwaya, kuma ba ya kama bango sai da man liƙi. Tsohon man liƙi na ɗauke da sinadarin man kanumfari. Yana kisa yayin da yake ɗanye, in ya bushe ƙarfinsa ya ragu. A farkon shekarun 1990 Mahmoud Torabinejad na Jami'ar Loma Linda a Amurka ya fito da wani sabon abin ciko mai suna MTA, daga nan aka samu sababbin man liƙi masu kalsiyam silikat, waɗanda suke mayar da cikin saiwa mai kanwa-kanwa yadda ƙwaya ba ta sakewa. Yanzu ana gwada ƙara kuloheksidin, ko ɓarɓashin azurfa, ko sinadarin ɓawon jatan lande. Yawancin nasararsu a ɗakin gwaji take tukuna, kuma abin da ya cika zafi ga ƙwaya yana iya ƙona naman da ke ƙarshen saiwa. An ga haka da tsofaffin man liƙi masu parafomaldihaid, waɗanda suka lalata jijiyar muƙamuƙin wasu mutane.

A ganina, ciko komai tsadarsa ba ya gyara saiwar da ba a wanke ba. Abokan aikina likitocin haƙori, ku ba wanki da sodiyam haipokulorait lokacinsa, ku bi da EDTA don buɗe ramukan bango, ku tsoma sandunan gutta-percha cikin haipokulorait na minti guda kafin sakawa. Mayafin roba da ke killace haƙori daga yawu tun 1864 yake, babu uzurin barinsa.

Kai kuma mai haƙori, kada ka daina zuwa don ciwo ya tafi. Cikon wucin gadi yana zaizayewa, yawu ya sake shigar da ƙwaya. Ka koma a sa ciko na dindindin, in turmi ne a sa masa hula cikin makonni kaɗan. Kada ka sayi amoksisilin ko filajil a kemis kana jiran su yi aikin. Jini ba ya shiga saiwar da jijiyarta ta mutu, don haka maganin ba zai kai wurin ba. Bayan shekara guda a ɗauki hoton haƙorin ko da ba ya ciwo. In ƙurji ya dawo, a tambayi likita ko za a iya kwashe tsohon cikon a sake wanki kafin a yi maganar cirewa. Kumburin da ya haura ido, ko ya sauka wuya har haɗiya ta yi wuya, wannan na asibiti ne a ranar.