Maƙalewar Waƙa a Zuci: Dalilanta da Hanyoyin Magance Ta

1.0 Gabatarwa

A ɗauka cewa an tura ɗalibin malanta koyarwar gwaji a wata makarantar firamare a Kanya, cikin ƙasar Zuru ta Jihar Kebbi. Jiya an yi biki a gari, an kwana ana kiɗa. Yau da safe ya ba ’yan aji biyar aikin auna fahimta, sai ya lura cewa wasunsu suna motsa leɓe, wasu kuma suna buga benci da yatsa. Shi kansa malamin tun da asuba amshin waƙar jiya ke kai-komo a ransa, har a cikin salla. Wannan darasi zai yi bayanin abin da ke jawo haka, da hanyoyin rage shi, da kuma yadda malamin Hausa zai ci moriyarsa a aji.

1.1 Ma’anar Maƙalewar Waƙa

Maƙalewar waƙa ita ce wani ɗan guntun waƙa ko kiɗa ya dinga maimaita kansa a zuciyar mutum ba da nufinsa ba, alhali babu mai rera shi a kusa. Bahaushe kan ce waƙa ta kama masa baki, ko ta zauna masa a ka. Jamusawa kuwa suna kiran abin da sunan da ke nufin “tsutsar kunne”, kuma daga gare su Turawan Ingila suka ari sunan. Lamarin ya game yawancin jama’a masu ƙoshin lafiya. A binciken da Lassi Liikkanen ya wallafa a 2012, wanda ya ƙunshi mutane fiye da 12,000 a ƙasar Finlan, kusan kashi 90 cikin 100 sun ce abin yana samun su aƙalla sau ɗaya a mako.

1.2 Dalilan da Suka Shafi Ƙwaƙwalwa

Dalili na farko shi ne yadda ƙwaƙwalwa ke riƙe sauti. Tun daga 1974, Alan Baddeley da Graham Hitch suka bayyana cewa akwai wani sashe na tunani da ke riƙe sauti na ɗan lokaci kaɗan ta hanyar nanata shi a zuci. Da shi ne mutum ke riƙe lambar waya kafin ya rubuta ta. Gajeren amshi yana dacewa da wannan ma’aji, don haka yake saurin shiga cikinsa.

Na biyu, ƙwaƙwalwa tana cike giɓi. A 2005 masu bincike a Kwalejin Dartmouth ta Amurka sun sanya wa mutane waƙoƙin da suka sani, sannan suka riƙa yanke sautin na ’yan daƙiƙu. Sai aka ga sashen ji na ƙwaƙwalwarsu ya ci gaba da aiki, tamkar waƙar ba ta tsaya ba.

Na uku, abin da ba a kammala ba ya fi damun tunani, kamar yadda Bluma Zeigarnik ta nuna a 1927. Wanda ya riƙe amshi kawai, bai san sauran waƙar ba, zai iya yin ta zagaye a wuri ɗaya. Bugu da ƙari, waƙa ta fi samun ƙofa a lokacin da hankali ba ya kan wani aiki mai nauyi, alal misali wajen shara, ko tafiya gona, ko zaman jiran mota.

1.3 Dalilan da Suka Shafi Tsarin Waƙa

Ba kowace waƙa ce ke maƙalewa ba. Binciken da Kelly Jakubowski da abokan aikinta suka fitar a 2016, bayan sun tambayi mutane 3,000, ya nuna cewa waƙoƙin da suka fi maƙalewa suna da saurin tafiya, da hawa da saukar murya mai sauƙin bi, tare da wani ɗan baƙon abu da ke bambanta su.

Idan aka dubi waƙar baka ta Hausa, za a tarar an gina ta a kan maimaici. Gindin waƙa yana dawowa bayan kowane ɗa, ’yan amshi suna nanata shi, kiɗa kuma yana tafiya da kari ɗaya. Haka abin yake a kalangun Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da kotson Musa Ɗanƙwairo, da kuntigin Ɗanmaraya Jos. A rubutacciyar waƙa kuwa, amsa-amo da jerin gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi su ne ke sa mai sauraro ya hango ƙarshen baiti tun bai zo ba. Ke nan abin da ke ƙawata waƙa shi ne kuma ke liƙa ta a zuci.

1.4 Hanyoyin Magancewa

(a) A saurari waƙar, ko a rera ta, daga farko har ƙarshe, domin a rufe giɓin da ke sa ta dawowa.

(b) A shagaltar da hankali da aikin kalmomi mai matsakaicin wuya, kamar kacici-kacici, ko karin magana, ko karatu a bayyane. Gwajin Ira Hyman na 2013 ya nuna cewa aiki mai sauƙi ƙwarai, ko mai wuya ƙwarai, yana barin waƙar ta dawo.

(c) A motsa gaɓoɓin furuci. A 2015 Philip Beaman na Jami’ar Reading ya gano cewa taunar cingam tana rage maƙalewar, domin tana shiga tsakanin mutum da rerawar zuci.

(d) Kada a matsa wa kai da cewa dole a manta, domin yawan ƙoƙarin korar tunani yakan ƙara jawo shi. Haka nan kada malami ya hukunta yaro a kan abin da ba da gangan ya yi ba.

Idan kuwa mutum yana jin sautin kamar daga waje yake zuwa, ko abin ya hana shi barci na tsawon lokaci, to ya kamata ya ga likita.

1.5 Amfanin Wannan ga Malamin Hausa

Magabata sun daɗe da gane wannan hali na waƙa. Nana Asma’u ’yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta tsara ilmi cikin waƙoƙi, jajjajinta suka haddace, suka kai wa matan ƙauyuka ta hanyar ƙungiyar ’Yan-taru. A ƙasar Zuru, inda yara da dama ke tasowa da C’lela ko wani harshen gida kafin Hausa, malami zai iya tsara jam’in suna, ko kwanakin mako, ko baƙaƙe masu ƙugiya cikin gajeren amshi mai kari ɗaya. Sai dai ya tantance ƙa’idar tun kafin ya rera, domin kuskuren da ya shiga kan yaro ta hanyar waƙa yana da wuyar fita.

1.6 Tambayoyin Bita

1. Kawo dalilai uku da ke sa waƙa ta maƙale a zuci.
2. Wace rawa gindin waƙa da amsa-amo ke takawa a wannan lamari?
3. Tsara amshi mai layi biyu da za ka koya wa ’yan aji uku jam’in sunayen dabbobi da shi.