Darasi: Haƙƙin Yaro Mai Baiwa A Kan Iyayensa Da Malamansa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku ƴan'uwa, darasinmu na wannan fitowa ya samo asali ne daga kukan da wani magidanci ya kawo mana bayan sallar La'asar. Ɗansa mai shekara 12 yana aji na biyu na kolej, wato sankiyam. Tun yana firamare babu mai shiga gabansa, amma bana sai ga malamai suna kai ƙararsa: yawan surutu, gardama, da ƙin yin aikin gida. Da aka bincika, sai aka tarar yaron ya gama littafin lissafin shekarar tun kafin hutun farko, har ya ɗauki na yayansa. Kullum zaune yake ana maimaita masa abin da ya riga ya sani. Uban ya tambaye mu: shin bulala ce maganinsa?

Mun ce masa a'a. Yunwar ilimi ce ke damun yaron, kuma wajibin uba ne ya taka har makaranta ya nema masa abin da zai ƙosar da shi. Da yawanmu muna zaton mai kaifin basira ba ya bukatar taimako, alhali kuwa idan aka bar shi a haka, ɗayan biyu ne: ko ya zama fitina a aji, ko ya saba da cin jarrabawa ba tare da wahala ba, ranar da ya haɗu da karatu mai wuya sai ya kasa jurewa.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A makarantar allo kowane yaro da nasa allo. Wanda ya riƙe karatunsa sai ya wanke, malam ya yi masa ƙari, ba a tsare shi don jiran na baya. Masu tarihi sun ruwaito cewa Imam Shafi'i, wanda aka haifa a Gaza a shekara ta 150 bayan Hijira, ya tashi maraya, mahaifiyarsa ce ta kai shi Makka don neman ilimi. Ya haddace Alƙur'ani yana ɗan shekara bakwai, ya haddace Muwaɗɗa kafin ya je Madina wurin Imam Malik. Da mahaifiyarsa ta yi sakaci, ko malamansa sun ce ya jira sa'o'insa, da al'umma ta yi babbar hasara.

Masana ilimin zamani ma sun yi bincike a kan haka. A shekara ta 1971 Julian Stanley na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka ya kafa wani bincike inda aka riƙa bai wa yara ƴan shekara 12 zuwa 13 jarrabawar da aka tanada wa masu neman shiga jami'a, aka zaɓi waɗanda suka yi fice, aka bi diddigin rayuwar kimanin 5,000 daga cikinsu sama da shekara 40. An gano cewa waɗanda aka tsallakar da su aji sun fi takwarorinsu masu irin basirarsu kaiwa ga digirin dokta, kuma ba a ga alamar hakan ya cutar da kwanciyar hankalinsu ba bayan sun girma.

To, yaya uba zai tunkari makaranta?

Na farko, ya tattara hujja. Kowane uba yana ganin ɗansa gwani ne, malamai kuma sun saba jin haka. Saboda haka ya tafi da takardun sakamako, da littattafan rubutun yaron, da aikin da yake yi a gida da kansa.

Na biyu, ya bi ta ƙofa. Ya fara da malamin darasin, sannan darakta, kafin a yi maganar sufeto. Ya tuna cewa malamin nan yana fama da aji cike maƙil, wani lokaci yara uku ko huɗu a tebur guda. Wanda ya shiga da zargi zai fito hannu wofi, gara ya ce: "Malam, mun zo neman shawararka a kan ɗanka."

Na uku, ya nemi abu takamaimai. Hanyoyi huɗu ne aka sani, daga mai sauƙi zuwa mai nauyi:

1. A gwada yaron tun farkon kowane babi. Abin da ya nuna ya iya, a ɗauke masa maimaita shi.

2. A ba shi aiki mai zurfi a madadin wanda aka ɗauke. A kula, ƙarin wuya ake nufi. Idan aka ba sauran yara lissafi goma shi kuma aka ba shi talatin iri ɗaya, horo aka yi masa, gobe zai ɓoye iyawarsa.

3. A bar shi ya halarci darasi guda, kamar lissafi, a aji na gaba, sauran darussa kuma yana tare da ƴan ajinsa.

4. A tsallakar da shi aji ɗungurungum. Wannan sai ya yi fice a dukkan darussa, shi kansa ya yarda, hukumomin ilimi kuma sun amince, don kada a samu matsalar takardu a lokacin jarrabawar BEPC.

Na huɗu, abin da aka amince a rubuta shi, a sa lokacin sake dubawa, misali ƙarshen zangon karatu. Idan magana ta cije, sai a shigar da ƙungiyar iyayen yara da kwamitin kula da makaranta, wato COGES, domin wataƙila akwai wasu yaran irinsa da babu mai yi musu magana.

Sai kuma gargaɗi. Kada a mai da yaron mataimakin malami na kullum. Taimakon abokai alheri ne, amma shi ma karatu ya zo yi. Kada a riƙa yabonsa a bainar jama'a har girman kai ya shige shi. A yaba ƙoƙarinsa, domin basira kyauta ce da ba shi ya ba kansa ba. Mu kuma tuna cewa ƙwaƙwalwarsa ce ta yi gaba, zuciyarsa ta ɗan shekara 12 ce: yana bukatar wasa, barci, da tarbiyya. Idan kuma ƴa mace ce, sai an ƙara sa ido, domin sau da yawa yarinya ba ta tayar da fitina, shiru take yi har baiwarta ta dusashe ba wanda ya lura.

Ya ku ƴan'uwa, Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, wanda aka haifa a Tasawa a 1929, ya zama masanin kimiyyar hasken rana, kuma bayan rasuwarsa a 1991 aka sa wa Jami'ar Yamai sunansa. Shi ma ya taɓa zama ƙaramin ɗalibi a kan benci. Irinsa suna nan a kolej-kolej na Maraɗi, Damagaram da Tawa, kuma amana ne a hannunmu. Duk wanda ya ga alamar haka ga ɗansa ko ƴarsa, kada ya bari zangon nan ya ƙare bai je ya gaisa da malaminsu ba.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya saka wa malamansu da alheri. Amin.