Keɓe Sashen Rubutu a Kwamfuta

Kwamfuta ba ta san abin da ke zuciyar mai rubutu ba. Kafin ta goge wani sashe, ko ta kwafe shi, sai an nuna mata inda ya fara da inda ya ƙare. Launin da kan lulluɓe haruffan shaida ce kawai ga ido, ba ya cikin rubutun. Wannan tsari na keɓewa tukuna, sannan a ba da umarni, Larry Tesler da Tim Mott suka inganta shi a manhajar Gypsy ta kamfanin Xerox, a Amurka, a 1975.

Aikin ya yi kama da ɗaurin akuya: turke na tsaye, igiya na miƙewa. Idan ɗalibi ya danne maɓallin Shift, wurin da sandar nan mai ƙyaftawa take ya zama turke, maɓallan kibiya kuma su ja igiyar gaba ko baya, harafi bayan harafi. Wannan hanya ta fi jan linzamin kwamfuta tabbas, domin hannu yakan zarce.

Harafi ɗaya ba wasa ba ne. Ana rubuta jerin DNA da haruffa huɗu, A, T, G da C, ƙwayar halitta kuma tana karanta saƙon uku-uku. Mai binciken da ya bar harafin farko a baya wajen kwafa ya gurɓata karatun duka.

Sai a kula: a yawancin manhajoji, harafin da aka buga kan keɓaɓɓen sashe zai maye gurbinsa ɗungurungum. Maganinsa Ctrl da Z, nan take.