Darasin Tarihi: Shajaratud Durr, Matar da ta Riƙe Masar

A darasin wannan Juma'a za mu leƙa ƙasar Masar, mu ga wata mata da aka taɓa yi wa addu'a da sunanta a huɗubar Juma'a a matsayin mai mulkin ƙasa.

Sunanta Shajaratud Durr. Asalinta baiwa ce, Sarki Salih Ayyub ya 'yanta ta ya aure ta. A shekarar 1249 Sarkin Faransa, Luwis na 9, ya kawo yaƙi ya kama garin Dimyaɗ. Ana cikin haka, a watan Nuwamba, Allah Ya yi wa Sarki Salih rasuwa a Mansura, ga ɗansa Turanshah yana can nesa, a yankin da ke cikin Turkiyya ta yau.

To, kun san in rundunar yaƙi ta ji babu sarki, watsewa za ta yi. Sai baiwar Allah nan ta haɗiye kukanta. Ta yi shawara da babban kwamanda Fakhruddin, aka ɓoye rasuwar. Kullum a kai abinci ɗakin sarki, a fitar da takardun umarni da sunansa, har a samu magaji ya iso. A Fabrairun 1250 sojojin Masar suka karya Faransawa a Mansura, a Afrilu kuma aka kama Luwis da kansa.

Turanshah bai daɗe ba, bayin sarki da ake kira Mamalik suka kashe shi, suka naɗa ta. Aka buga kuɗi da sunanta. Amma Halifa Musta'asim na Bagadaza bai amince ba. Bayan kwana 80 ta auri kwamanda Aibak, ta miƙa masa sarauta.

Ƙarshen labarin fa babu daɗi. A 1257 ta ji Aibak na neman auren 'yar Sarkin Mausil, sai ta sa aka kashe shi. Ba a daɗe ba ita ma aka kashe ta. Kabarinta na nan a Alƙahira har yau.

Ku duba, jama'a: mutum ɗaya ce. Ranar da ta mallaki zuciyarta ta tsare ƙasa guda, ranar da fushi ya mallake ta, ko ranta ba ta tsira da shi ba. Wannan ba na mata kaɗai ba ne. Maigida a shago, uwargida a cikin gida, duk wanda labari mai zafi ya zo masa, ya dakata, ya nemi shawara kafin ya yanke hukunci. Fushi ba ya haifar da ɗa mai ido.

Allah Ya ba mu ikon mallakar zukatanmu, amin. Juma'a mai albarka.