Zuwa Kasuwa da Yaro Ƙarami

A Limancin Kona, kamar sauran unguwannin birnin Zariya, cefane yawanci aikin maigida ne. Wata rana kuwa sai ya zama tilas ka tafi da ɗanka, ko don uwarsa na fama da aiki, ko don Salla ta gabato za a gwada masa takalmi. Mutane da yawa su kan komo ransu a ɓace, yaro na kuka, an manta rabin abin da aka je saye. Sai uba ya ce yaron nan fitinanne ne. Ba haka ba ne. Yunwa ce da rana da gajiya, maganinsu kuwa tun daga gida a ke yinsa.

Ka zaɓi safiya, bayan ya sha koko ya ƙoshi. Ranar Alhamis ta fi, tun da ba makarantar allo. Kada ka fita da shi da tsakar rana, balle a bazara.

Yanzu da ka iya rubutu, ka rubuta abin da za ka saya, bi da bi yadda rumfunan su ke: hatsi, kayan miya, sa'an nan nama daga ƙarshe. Wanda ya yi haka ba ya zaga kasuwa sau biyu. Ka tuna taku ɗaya naka, biyu ne ko uku wurin yaro. Ka riƙe shi a wuyan hannu, ka sa shi ta gefen bango. Lungunan birni an yi su tun zamanin jaki da doki, yau kuwa babura ke bin su a guje.

A kasuwa ka ba shi aiki. Ya riƙe ƙunshin daddawa, ko ya ƙidaya albasa. Yaron da hannunsa ke da kaya ba ya taɓa na mutane. Tun a zaure ka gaya masa abu ɗaya za ka saya masa, rake ko alewa, kuma sai an gama. In ya yi kuka a tsakiya, kada ka saya. In an gama kuwa, lalle ka cika alkawari.

Babban abin tsoro shi ne ɓata. Kana cikin ciniki, mai tumatir ya ce albarka, ka juya, ba yaro. To, ka koya masa sunansa, da naka, da na unguwa. Sunanka na yanka fa. Yara da yawa in an tambaye su sunan ubansu sai su ce Baba, ko Malam. Limancin Kona kuwa unguwar malamai ce, wane Malam ɗin za a nema? Ka rubuta duka a 'yar takarda, da lambar wayarka, ka sa masa a aljihu. Da kun shiga, ka nuna masa rumfar wani da ka saba da shi, ka ce, "In ba ka gan ni ba, nan za ka tsaya." In ya ɓace, ka fara duba can, kana ka kai cigiya wurin Sarkin Kasuwa.

Wanda bai kai shekara 3 ba, barinsa gida ya fi. In takalmi ne, ka auna ƙafarsa da tsinken tsintsiya, ka karya da ɗan ragowa, ka tafi da tsinken.