Hotunan Shafina Sun Jawo Mini Magana

Ina sana'ar turaren wuta da humra a gida, yau shekara huɗu ke nan. Kwanakin baya ƙanena ya buɗe mini shafin intanet saboda masu saye daga nesa, ya bar ni da aikin ƙawata shi. Sai na shiga Google na kwaso 'yan alamomin nan na waya da kwando da ambulan, har da hoton wasu kwalaben turare. Da na ɗora, wasu suka yi dishi-dishi, wasu suka zo da farin akwati a bayansu. Abin da ya fi tayar mini da hankali, makon jiya wani kamfani ya turo mini saƙo wai hoton kwalaben nasu ne, in cire. Wallahi ban san laifi ba ne. Kuma duk neman da na yi ban ga hoton kasko ko itacen turare irin namu ba. Ina zan samu masu kyau, na halal, ba tare da na kashe kuɗi ba?

Mai turare, Hotoro, Kano

'Yar'uwa, Allah ya sa wa sana'a albarka. Ki cire hoton nan yau, ki ba su haƙuri. Google ba shi ne mai hotunan ba, abin da ke shafukan mutane yake nuno miki, kuma kowane hoto da mai shi, ko an rubuta suna a jiki ko ba a rubuta ba.

Alamomi ba su da wuyar samu. Google yana da nasa, Material Symbols, kyauta ne har ga mai kasuwanci. Font Awesome ma yana da rukunin kyauta. Flaticon da Noun Project sun fi yawan zaɓi, sai dai na kyautarsu da sharaɗi yake: dole ki ambaci wanda ya zana. Duk wanda kika zaɓa, ki kwashe su daga gida ɗaya, kaurin layi ɗaya, launi ɗaya, su fito kamar 'yan anko.

Farin akwatin nan kuwa halin JPEG ne, ba ya iya barin bayan hoto wayam. Ki nemi PNG, ko ma SVG, wanda komai girman da kika ja shi ba ya dishi-dishi, domin zane ne na lissafi, ba tarin ɗigo ba. Dishi-dishin da kika gani, ƙaramin hoto kika miƙe fiye da ƙarfinsa. In kuma wani shafi ya ce ki sauke fayil mai ƙarewa da .exe, ki gudu, manhaja ce, kuma ta nan ƙwayar cutar kwamfuta ke shiga.

Hotuna akwai su kyauta a Pixabay da Pexels da Unsplash. Na ƙasashenmu sun fi samuwa a Wikimedia Commons, inda gasar Wiki Loves Africa ke tara su tun 2014. Ki riƙa duba lasisin: CC0 babu sharaɗi, CC BY ki ambaci mai shi, mai ɗauke da NC kuma an hana kasuwanci da shi, wato bai halatta gare ki ba.

Amma ni dai ba na so ki sa hoton kowa a kan hajarki. Matar da ke Abuja ko Yamai tana so ta ga kwalbar da za ta iso hannunta ne, kuma babu mai hoton kaskonki sai ke. Da hantsi, ki ajiye shi kusa da taga, ki shimfiɗa baƙin yadi a bayansa, domin a kan duhu hayaƙi ke fitowa fes. Ki goge idon kyamarar wayar da gefen mayafi, ki kashe fitilarta, ki jira garwashi ya kama, hayaƙin ya miƙe siriri, sannan ki ɗauka kamar sau goma, ki zaɓi ɗaya. Humra kuma ki sa ta inda haske zai ratsa kwalbar, launinta ya fito.

Kafin ki ɗora, ki rage musu nauyi a TinyPNG ko Squoosh, kowanne ya dawo ƙasa da KB 200. Yawancin masu sayen kayanki da data suke shigowa, kuma in shafi ya yi nauyin buɗewa ba sa jira.