Rumbu, Asusun Manomi

A ƙasashen Ɗambatta da Bichi, inda gonaki suka haɗe da juna har ba a barin saura, ruwan wata huɗu kacal ke ciyar da shekara. Farin 1973 ya nuna cewa damina ba ta da alkawari. Shin nawa ya kamata magidanci ya ajiye?

Mutum guda yana cin kimanin rabin kilo na hatsi kullum. Ke nan gida mai mutum 8 yana bukatar kilo 4 a rana, wato kusan buhu 15 mai kilo 100 a shekara. Bayan wannan, sai a ware abincin wata uku, kamar buhu 4, saboda rashin lafiya ko jinkirin ruwa.

Ajiya sai da kulawa. Danshi yana jawo fumfuna da ƙwari, don haka a shanya hatsi sosai. Wake kuwa, a ɗaure shi a buhu mai leda biyu, domin ƙwaron da ya rasa iska mutuwa yake yi.

Wanda ya karyar da hatsinsa da kaka saboda biki, shi zai saye shi da tsada a watan Agusta. Daidai ruwa, daidai tsaki.